Wace bindiga zan saya don tsaron gida, wadda kuma zan iya fita da ita a jikina?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu sanin harkar bindiga a nan Amurka. Ina zaune a Teksas da iyalina, yaranmu ƙanana ne babbar ma ba ta shiga firamare ba tukuna, aikina kuma na dare ne sai asuba nake dawowa. Kwanakin nan ɓarayi sun matsa wa unguwarmu da fasa motoci, sannan aka zo aka ɓalle ƙofar wani fulat a benen da ke kallon namu masu gidan suna ciki suna barci, Allah ya tsare ba a taɓa lafiyar kowa ba amma tun ranar madam ba ta iya runtsawa in ba na nan, ni ma a wajen aikin hankalina yana gida.

Toh na leƙa shagon bindigogi na fito kaina a ɗaure wallahi. Mai shagon ya ce fistol wato bindigar hannu samfurin Glock 19 zan ɗauka in huta, wani abokin aikina ya ce ai gida ba abin da ya kai shotgan, doguwar bindigar nan mai watsa ƙwayoyi, ko ƙarar ɗana ta kaɗai ɓarawo ya ji zai arce, wani kuma ya nuna min ƴar ƙarama da yake sokewa a ƙugu SIG P365 ya ce ita ake yayi yanzu. Kuɗin da na ware bai wuce dala 1,000 ba. Tambayata, guda ɗaya za ta iya yi min aikin biyun, wato tsaron gida da kuma fita da ita a ɓoye a jikina tunda da daddare nake zirga-zirga, ko dole sai biyu? Wacce madam za ta iya sarrafawa, hannunta ƙarami ne kuma ba ta taɓa riƙe bindiga ba? Sannan da gaske ne a Teksas ba a buƙatar lasisi? Ni girin kad wato takardar zaman dindindin gare ni ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. Na gode Allah ya saka da alheri.

Alhaji Mai Tirela:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara tsarewa. Ni ba zan fara da wace bindiga ba, da maganar takardunka zan fara tunda ka ambaci girin kad, don nan ne mutanenmu suke faɗawa rami ba su sani ba.

Mai girin kad doka ta yarda ya sayi bindiga, wannan ba matsala. Za ka je wajen dila mai lasisin gwamnatin tarayya ka cike fom ɗin da ake kira 4473, su tura sunanka wajen FBI a duba tarihinka a tsarin bincikensu da ake kira NICS, wani lokacin cikin mintuna an gama wani lokacin a ce ka jira. Bindigar hannu sai ka kai shekara 21 dila zai sayar maka, doguwa 18. A fom ɗin nan akwai wajen da ake tambayar ƙasarka da lambarka ta baƙo, don girman Allah ka nutsu ka karanta kowane layi, ƙarya a kansa babban laifi ne na tarayya, kuma mu da ba ƴan ƙasa ba duk laifin da ya shafi bindiga in kotu ta kama ka da shi yana cikin abubuwan da ake tasa ƙeyar mutum a kansu ko da girin kad ɗinsa. Abin da ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gida ya kwanta kai yana iya raba ka da iyalinka gaba ɗaya.

Abu na biyu, wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu ƴan togaciya kamar in yana da lasisin farauta. Saboda haka in kana da ƙani ɗalibi ko baƙo ya sauka gidanka kada ka ce zo ka ga abin da na saya ka miƙa masa. Kuma duk wanda ya ce ka saya masa da sunanka shi zai ba da kuɗin, komai kusancinku ka ce a'a, tun dokar 2022 hukuncin wannan yana kaiwa shekara 15 a gidan yari.

Maganar lasisi kuma eh gaskiya ne, tun 1 ga Satumba 2021 Teksas ta yarda wanda ya kai 21 kuma ba shi da abin da ya haramta masa bindiga ya ɗaura ba tare da lasisi ba, yanzu ma sama da rabin jihohin Amurka haka suke. Amma ni shawarata ka je ka yi lasisin nan da suke kira LTC. Ajin awa 4 zuwa 6 ne, da gwajin harbi na harsashi 50, kuɗin gwamnati dala 40 ban da na mai koyarwa. A ajin ne za a koya maka allunan da ake liƙawa a ƙofar shaguna, 30.05 da 30.06 da 30.07, da jan allon nan mai 51% na wajen da giya ce yawancin cinikinsu, duk inda bai kamata ka shiga da ita ba. Ga dokar tarayya ta ƙafa 1,000 kewaye da makarantu wadda mai lasisin jihar ne aka ɗauke wa, kai kuma ga yara za su fara zuwa makaranta. Gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya kam ko da lasisi babu shiga.

Mu da muke tsallaka jihohi kullum mun san abin nan, dokar tana canzawa da zarar ka wuce iyaka. Niyu Yok da Kalifoniya ba su san lasisin Teksas ba sam, kuma gidan harsashin da ya wuce guda 10 haramun ne a can, ita kuwa Glock 19 da mai 15 take zuwa. Hukuncin Kotun Ƙoli na Bruen a 2022 ya hana su ce sai ka kawo dalili na musamman kafin su ba ka lasisi, amma bai ce ka shiga musu jiha da naka na wani waje ba.

Malam Na Filin Harbi:

Alhaji ya gama maganar doka, Allah ya biya. Bari ni in taɓa ƙarfen kansa tunda na daɗe ina kai mutane sabbin shiga filin harbi.

Baban Hanifa abin da mutane ba sa ganewa da farko shi ne ƙaramar fistol ta fi babba wuyar harbi. Kowa in ya ga ƴar mitsitsiya sai ya ce yauwa wannan ta mata ce, alhali harsashin 9mm ɗaya ne a ciki, ƙarfin da zai fita ɗaya ne, in bindigar ba ta da nauyi duk shurin a hannunka zai ƙare. P365 nauyinta kusan rabin kilo ne ba harsashi, mariƙinta gajere ɗan yatsanka na ƙarshe yana lilo a iska, tazarar saitin gaba da na baya kaɗan ce saboda haka ɗan karkacewa kaɗan ka bar abin da kake nufi. Bindiga ce mai kyau ba na kushe ta, tun da ta fito a 2018 ta canza kasuwa don ta cusa harsashi 10 a jikin da da guda 6 ko 7 yake ɗauka, amma an yi ta ne don sauƙin ɓoyewa, wanda ya riga ya iya ne yake jin daɗinta. Mai koyo in ya fara da irinta sai ya riƙa runtse ido yana dannar da bakin ƙasa kafin ma harsashin ya tashi, kuma cire wannan ɗabi'ar daga baya aiki ne.

Shi ya sa mai shagon bai yi maka ƙarya ba. Glock 19 tsaka-tsaki ce, bututunta inci 4 ne, tana cika hannu, shurinta da sauƙi, kuma da riga mai ɗan faɗi tana ɓoyuwa. Ba ita kaɗai ba ce a wannan girman, akwai Smith & Wesson M&P ƙarama da CZ P-10 C da Walther PDP, duk 9mm ne duk kuma amintattu ne. Da dala 1,000 ni ba zan ce ka raba kuɗin gida biyu ka sayi bindigogi biyu masu araha ba. Guda ɗaya mai kyau za ta ci maka wajen 500 zuwa 600, sauran kuma akwai akwatin ƙarfe mai makulli, kube, bel, tocila, harsashin atisaye da kuɗin aji, in ka lissafa za ka ga ma da ƙyar zai isa.

Sai dai ga matsalar da ban ga ka lura da ita ba. In guda ɗaya ce kuma ka ɗaura ta ka tafi aikin dare, gidan da kake son tsarewa babu komai kenan a daidai lokacin da kake tsoro. Kuma yawancin wuraren aiki ma ba sa yarda a shiga da ita, sai ka bar ta a mota, ga shi da bakinka ka ce fasa motoci ake a wajenku, bindigogi da yawa da ke hannun ɓata-gari daga cikin motocin mutane aka sace su. Don haka ni a ganina ka fara da ta gida, wadda madam za ta iya, ku koya tare, in hannunka ya faɗa kuma lasisi ya fito sai ka tara kuɗin ta fita. Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗaura bindiga a jiki cikin jama'a mataki ne na gaba.

Game da madam, kada ka zaɓa mata. Ku je filin harbin da ake ba da hayar bindigogi ta gwada da hannunta. Abin da za ku duba: in ta riƙe, tsokar yatsanta ta kai kan kunamar ba tare da ta murɗe hannu ba? Tana iya jan saman bindigar baya ta ɗana ta ita kaɗai? Tana iya cusa harsashi a gidansa? Yawanci ba ƙarfi ba ne dabara ce, a riƙe saman gam a tura mariƙin gaba da ɗaya hannun kusa da ƙirji, amma in duk da haka ya gagara akwai wata fistol Shield EZ da aka yi ta musamman don masu raunin hannu, tana zuwa a .380 da 9mm. Mutane za su ce maka a saya mata libarba, wato mai gidan harsashi mai juyawa, ƴar ƙarama irin samfurin 642 wai ba ta da rikici. Eh ba ta cika cijewa ba, amma harsashi 5 ne kawai, kunamarta tauri gare ta kusan ninki biyu na Glock, kuma saboda rashin nauyi tana dukan tafin hannu sosai, mata da yawa in suka harba sau ɗaya ba sa son sake taɓawa.

Harsashi kuma iri biyu za ka saya. Mai dunƙulallen kai mai araha na atisaye ne. Na ajiyewa a ciki don tsaro mai rami a kai ake sa wa, irin Federal HST ko Speer Gold Dot, don yana buɗewa in ya shiga ya rage gudu maimakon ya fasa ya wuce ya sami na baya. Ma'aunin FBI shi ne ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren ruwan gwajinsu, kuma su kansu sun bar harsashin .40 sun dawo 9mm da suka ga na zamani yana cika wannan ma'aunin kuma jami'ansu sun fi samun saiti da shi. Saboda haka duk mai ce maka sai babban harsashin .45 ka bar shi da ra'ayinsa. Ka harba ɗan kwali ɗaya ko biyu na mai ramin a bindigarka ka tabbatar tana haɗiyarsa lafiya kafin ka dogara da shi.

Tocila dole ce. Ba a harbin inuwa, ba a harbin motsi, ba a harbi ta bayan ƙofa. Kai da kake dawowa da asuba kai ne mutumin da ya fi kowa yawan buɗe ƙofar gidan nan cikin duhu, ku yi yarjejeniya da madam kana kira ko ka yi sallama da ƙarfi kafin ka sa makulli.

Maman Yusra:

Salam. Ni nas ce a ɓangaren gaggawa, ban iya sunayen bindigogi ba kamar su Malam amma ina ganin abin da suke yi wa jikin mutum, kuma abin da ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba shi ne yaran nan da ka ce ƙanana ne.

Yaya don Allah kafin bindigar ta shigo gidan akwatin ya riga ta shigowa. Ba saman wadirof ba, ba ƙarƙashin katifa ba, ba cikin jakar madam ba. Yaro ɗan shekara 3 yana iya danna kunama, yakan juyo bakin wajen fuskarsa ne ya sa manyan yatsunsa biyu ya matsa don ta haka ne ƙarfinsa yake kaiwa, shi ya sa raunin yake zuwa a kai ko a ƙirji. Na tsaya a kan irin wannan, na ga uwa zaune a ƙasan asibiti ta kasa ko kuka, uban yana ta maimaita wai ai ya ɓoye ta yaron bai san wajen ba. Sun sani wallahi, yara sun san duk inda muke ajiye abu. Kuma ba na son jin an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa a irin wannan, Allah ya ba mu hankali ya ba mu makulli. Tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa a Amurka, ta wuce haɗarin mota. A Teksas ɗin ma laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da 17 zai kai gare ta, kuma kowa ya ga iyayen yaron nan na Mishigan da ya yi harbi a makaranta a 2021, su biyun kotu ta ɗaure su a 2024.

Akwai ƙananan akwatuna da ake ɗaure su a jikin gado ko a bango ana buɗewa da lambobi ko zanen yatsa cikin daƙiƙa biyu, ba wai sai ka zaɓa tsakanin tsaro da lafiyar yara ba. Ni na fi yarda da mai maɓallan dannawa don na yatsa in hannu ya jiƙe da gumi yana ƙin karantawa, in mai batir ne kuma a riƙa duba batirin.

Sai abin da mu ba ma son faɗa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar nan kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Zaman nan akwai kaɗaici akwai bashi akwai damuwar bayan haihuwa da mata suke shiga ba mai taya su, ga faɗan miji da mata. Wanda ya sha magani sau da yawa muna ceto shi ya warke ya ci gaba da rayuwarsa, wanda ya ɗauki bindiga da wuya ya iso wajenmu da rai. In akwai wanda yake cikin irin wannan halin a gidan, ko kai ko ita, a fitar da bindigar daga gidan tukuna ta hanyar da doka ta yarda, a kira 988, layin taimakon masu tunanin kashe kansu.

Kuma ka tambaye ta tsakani da Allah tana so? Ba wai ta yi shiru don kai ka ce ba. Macen da take tsoron abin ba za ta je atisaye ba, ranar da aka shigo kuma hannunta na rawa ga yara na kuka, ana iya ƙwacewa a hannunta. In ba ta shirya ba akwai barkonon tsohuwa na fesawa, akwai ƙara wa ƙofa ƙarfi, ta san ɗakin da za ta tara yaran ta kulle ta kira 911. Ku kuma je ajin tsayar da jini da ake kira Stop the Bleed ku ajiye abin ɗaure jijiya a gida, wurare da yawa kyauta ake yin sa.

Ɗan Arewa a Ohayo:

Anti Allah ya saka, maganarki ta shige ni. Amma Malam ni fa ban yarda a watsar da shotgan haka ba. Shotgan irin Mossberg 500 ko Remington 870 sun fi fistol araha, kuma abin da kake kafawa a kafaɗa ka riƙe da hannu biyu ya fi sauƙin saiti a kan wanda kake miƙawa a iska, wannan ko kai ka sani. Harbi ɗaya na babbar shotgan 12 geji ƙwaya 8 ko 9 yake fitarwa kowacce ta kusa girman harsashin fistol, ba wanda zai ci wannan ya ci gaba da tahowa. In 12 ta yi wa madam ƙarfi ai akwai 20 geji mai ƙaramin shuri. Tunda kun ce ma ta gida za a fara saya ba ta fita ba toh me ya hana? Mutum ya tara iyalinsa a ɗaki ɗaya ya tsaya bayan gado ya auna ƙofa yana jiran ƴan sanda, a wannan tsayuwar ni ban ga abin da ya fi ta ba.

Malam Na Filin Harbi:

Ɗan uwa ban watsar da ita ba, a tsayuwar da ka kwatanta gaskiyarka ne, da gidan kansa ne shi kaɗai a fili kuma shi zai riƙe da na ce ya saya. Amma duba yanayinsa. Fulat ne, bangon gidajen nan ba bulo ba ne katako ne da farin allo, ƙwayoyin nan da ka lissafa kowacce tana fasa bango fiye da ɗaya, bayan bangon kuma ko ɗakin yara ne ko maƙwabci yana barci. Na fistol ma yana fasawa kada a ce na ce ba ya yi, shi ya sa tun yau ya kamata ya tsaya a inda za a tsaya ɗin ya duba me ke bayan ƙofar da za a auna, amma ƙwaya 9 a tashi ɗaya ba daidai take da ɗaya ba. Sannan mace mai goyo a hannu ɗaya da waya a kunne ba za ta iya ɗana shotgan ba, hannu biyu take ci, kuma mai koyo in ya tsorata yakan ja famfon ɗana ta rabi ta cije. Akwatin da zai ɗauke ta ya buɗe da sauri shi ma ya fi tsada. Zancen wai ba sai an yi saiti ba tana watsuwa ta cika ɗaki kuwa ba haka ba ne, a tazarar cikin ɗaki watsuwar ba ta wuce tafin hannu ba, ana kuskurewa sarai. Na ƙarar ɗanawa kuma wani zai gudu wani ka gaya masa inda kake ne kawai.

Baban Hanifa tunda ka tambayi fita da ita bari in ajiye maka wannan don gaba. Kube ya zama mai tauri wanda aka ƙera don samfurin bindigarka, ya rufe kunamar ruf, ya kama bel gam, irin na roba mai tauri da ake kira Kydex. Na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga kada ka saya, kuma ba a soke ta tsirara a wando ko a jefa a aljihu tare da makullai. Glock da ire-irenta ba su da maɓallin kariya na waje da za ka kunna ka kashe, kuben ne kariyar. Da yawa masu harbin cinyarsu wajen mayarwa ne, bakin riga ko igiyar jaket ta shiga ta ja kunamar, saboda haka mayarwa a hankali ake yi ana kallo, ba gaggawa a ciki. Dokoki huɗun nan kuma ka haddace su: kowace bindiga ka ɗauka akwai harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba, yatsa a waje sai ka yi saiti ka yanke shawara, ka san abin da kake nufi da abin da ke bayansa.

Kuma ranar da ka fara ɗaurawa ranar ka daina faɗa. Wani ya sha gabanka a titi, wani ya zage ka a gidan mai, ka ba shi haƙuri ka wuce ko kai ke da gaskiya. Fito da ita don tsoratarwa kawai laifi ne da ake kama mutane a kai kullum. In ka hango ana fasa motarka daga taga ka kira ƴan sanda ka ɗauki bidiyo, kada ka sauka, ko da dokar Teksas ta fi ta wasu jihohi sassauci a kan kare dukiya kuɗin lauya kaɗai ya ninka na gilashin, balle ɗaukar rai.

Sai ƴan sanda, mu baƙar fata ba za mu yi kamar ba mu san wannan ba. Philando Castile yana da lasisinsa a Minesota a 2016, ya gaya wa ɗan sandan yana da bindiga, aka harbe shi a cikin motarsa budurwarsa da ƴarta suna ciki. In an tsayar da kai ka kashe mota, ka kunna fitilar ciki, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗa da baki cewa kana da lasisi kuma tana jikinka a waje kaza, kada hannunka ya motsa sai ya ce ga abin da za ka yi. Walat ɗinka ma kada ya zauna a ɓangaren da bindigar take.

Baban Hanifa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa madam duka musamman na Anti Maman Yusra, ta ce tana so ta koya amma ita mace take so ta koya mata kuma ba ta son a kawo komai gidan sai ta je ajin ta ga yadda zuciyarta ta ɗauka, na ce hakan ya yi. Malam tambaya ɗaya ta rage, kafin nan me zan yi wa ƙofar tunda haya muke?

Malam Na Filin Harbi:

Filayen harbi da yawa suna da ajin mata zalla ka tambaya, ku tafi da abin toshe kunne biyu na cusawa da na kifawa don ƙarar cikin rufaffen waje ita ce take fara korar sabbin shiga. Ƙofa kuma ka kwance ƙarfen da harshen makulli yake shiga a jikin katakon, za ka tarar sukurorin gajeru ne ko inci ɗaya ba su kai ba shi ya sa shuri ɗaya yake ɓalle ta, ka canza su da masu inci 3 su kama ginshiƙin ciki, na hinjin ma haka. Ka sayi sandar nan da ake tokarewa ƙarƙashin hannun ƙofa ba ta buƙatar huda komai, in akwai ƙofar gilashi mai zugewa ta baranda a yanka katako daidai tsawon layinta a kwantar a ciki. Ka yi wa ofishin masu gidan magana a rubuce kafin ka taɓa sukurorin, ka kuma duba takardar hayarku ko ta ce wani abu game da ajiye bindiga.